DASHEN HANTA: TSUGUNNE BA TA ƘARE BA SAI AN TSALLAKE ƘWAYOYIN CUTAR DA BA SU JIN MAGANI

A 'yan shekarun nan ya zama ruwan dare mu ji sanarwa a gidan rediyo, ko kuwa mu ga takarda tana zagaya unguwa da wuraren ibada, ana neman gudummawa domin a kai wani bawan Allah ƙasar Indiya ko Masar a yi masa dashen hanta. Akan sayar da gona, a sayar da shanu, ƙungiyar 'yan gari ta yi karo-karo, sa'an nan ƙane ko ɗa ya sadaukar da wani yanki na hantarsa. Ranar da waya ta iso cewa an fito daga ɗakin tiyata lafiya, sai gida ya kaure da guɗa, kowa ya ce an gama.

To amma likitocin da ke wannan aiki ba su kan saki jiki a ranar ba. Sun san cewa makonnin da ke biye sun fi ranar tiyatar haɗari, kuma abin da suka fi tsoro ba wuƙa ba ce, ba kuma zubar jini ba ne. Wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani, watau ƙwayoyin cuta na baktiriya waɗanda suka daina jin magani. A wannan mako za mu duba yadda abin yake, da kuma dalilin da ya sa ya shafi har wanda bai taɓa jin ciwon hanta ba.

YADDA AKA FARO

Likitan da ya fara gwada dasa wa ɗan Adam hanta shi ne Thomas Starzl, a birnin Denba na ƙasar Amurka, ran 1 ga Maris 1963. Yaro ne ɗan shekara 3, kuma jini ya ƙi tsayawa har ya rasu a kan gadon tiyata. Sai a 1967 Starzl ya dasa wa wata yarinya hanta ta rayu fiye da shekara guda. A 1968 Roy Calne ya soma irin wannan aiki a Kambirij ta ƙasar Ingila.

Matsalar wancan zamani ita ce jiki yakan ƙi baƙuwar hanta. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, kimanin mutum 3 ne kawai cikin 10 ke cika shekara bayan dashe. Abin ya sake ne da zuwan wani magani mai suna saiklosforin, wanda aka samo daga wani irin funfuna, aka kuma amince da shi a Amurka a 1983. Bayansa sai ga takrolimus, wanda masanan Jafan suka gano a 1984, shi ne kuma aka fi ba masu dashen hanta a yau. A 1989 aka ci nasarar yanko wani ɓangare na hantar mai rai aka dasa wa wani, domin hanta tana da baiwar sake tofowa cikin 'yan watanni. Yanzu a manyan asibitocin Turai da Amurka kusan mutum 9 cikin 10 na cika shekara bayan dashe.

Wannan ci gaba ne babba. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu, domin maganin da ya kawo nasarar shi ne kuma ya buɗe wata ƙofar.

AN KWANTAR DA MASU GADI

Allah Ya yi wa jikinmu garkuwa, watau wasu ƙwayoyin jini masu aikin gadi dare da rana. Duk abin da suka gani baƙo, sai su far masa. Su ba su san cewa an kawo sabuwar hanta domin ceton rai ba ne, a wurinsu ɓarawo ne ya tsallako katanga. Saboda haka tilas likita ya ba da maganin da zai kwantar da waɗannan masu gadi, kuma mai dashe zai sha shi har iyakar ransa. A makonnin farko ne ake ba da shi da yawa.

To gidan da aka kwantar da masu gadinsa, ba baƙon kirki kaɗai zai shiga ba. Ƙwayar cutar da lafiyayyen mutum zai kashe ba tare da ya sani ba, ita ce za ta kwantar da mai dashe. Wani abin kuma, maganin yakan ɓoye alamun ciwo. Mai yiwuwa ne cuta ta shiga jini amma zazzaɓi bai yi zafi ba, sai dai a ga mutum ya yi laushi, ko hankalinsa ya soma gushewa, ko fitsari ya ragu.

Likitoci sun kasa lokacin bayan dashe gida uku. A watan farko, cututtukan asibiti da na wurin tiyata ne ke kan gaba, galibinsu kuwa na baktiriya ne. Daga wata na biyu zuwa na shida, sai cututtukan da ke laɓe a jiki su ɗago kai, alal misali tarin fuka. Bayan wata shida, in komi ya tafi daidai, sai a koma ga cututtukan da kowa ke ɗauka a gari. Kamuwa da ƙwayoyin cuta na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu dashen hanta a shekarar farko.

ME YA SA HANTA TA FI HAƊARI?

Mai karatu zai iya tambaya, ai masu dashen ƙoda ma suna shan wannan magani. Haka ne, amma hanta tana da nata dalilai.

Na farko, maƙwabciyar hanji ce. Jinin da ke fitowa daga hanji yakan bi ta hanta kafin ya wuce, kana akwai wata siririyar hanya da ruwan matsarmama ke bi daga hanta ya zuba cikin hanji. Hanji kuwa matattarar baktiriya ce, ba su ƙidayuwa. A lokacin dashe sai an yanke wannan hanya an sake ɗinke ta. In ɗinkin ya yi yoyo, ko wurin ya tsuke, ko jijiyar da ke kai wa hanta jini ta toshe, sai ruwa ya taru a ciki, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa, ya zama mugunya.

Na biyu, aikin kansa dogo ne. Yakan ɗauki sa'a 6 zuwa 12, a ƙara jini da yawa, bayan haka mutum ya kwana a ɗakin kulawa ta musamman da roba a jijiyar wuya, roba a mafitsara, roba a ciki, wani lokaci da injin numfashi. Kowace roba hanya ce da ƙwayar cuta za ta bi ta shiga.

Na uku, wanda ya kai ga neman dashe ya daɗe yana jinya. Hantarsa ta ƙanƙance, cikinsa ya cika da ruwa, ya rame, ya sha kwanciya a asibiti, kuma kowace kwanciya an yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ta haka raunanan baktiriyar da ke hanjinsa sun mutu tuni, sauran masu taurin kai ne suka rage. Sau da yawa ƙwayar da ke kama mai dashe ba daga waje ta zo ba, da ita ya shiga ɗakin tiyata. Wani lokaci kuma daga jikin wanda ya ba da hantar take zuwa.

YADDA ƘWAYAR CUTA KE DAINA JIN MAGANI

Manoma sun san ƙwarin da aka yi ta fesa wa magani iri ɗaya har suka daina mutuwa. Mun kuma tuna yadda kulorakwin ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro, har Nijeriya ta sauya magani a 2005. Haka abin yake ga baktiriya. In an sha magani, masu rauni su mutu, 'yan kaɗan masu juriya su tsira. Wasu irin baktiriya kan rabu biyu kowane minti 20 in sun sami wuri mai daɗi, watau ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan 2 cikin sa'a 7. Abin mamaki kuma, suna miƙa wa juna dabarar tsira, har tsakanin waɗanda ba iri ɗaya ba, kamar yadda maƙwabta ke aron iri. Wasu kan fitar da sinadarin da ke farfasa maganin, wasu su toshe ƙofar da yake shiga, wasu kuma su tofar da shi waje.

Ba yau aka hango wannan ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fanisilin a 1928, ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi maganin a kanti, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Kamar ya leƙo kasuwanninmu. A 1961 aka ba da rahoton ƙwayar da ake kira MRSA a Ingila. A ƙarshen shekarun 1980 aka ga wata ta hanji mai suna enterokokus ta daina jin bankomaisin, ita ma takan addabi masu dashen hanta ƙwarai.

Akwai wasu allurai masu ƙarfi da ake kira kabafenem, waɗanda likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. A 1996 aka sami ƙwayar kilebsiyela a jihar Karolina ta Arewa a Amurka tana farfasa su. A 2008 aka gano wata dabarar a jikin wani mazaunin Suwidin da ya kwanta asibiti a birnin Delhi, aka sa mata suna NDM-1, kuma ba a daɗe ba aka gan ta a jikin mutanen Ingila da suka je jinya Indiya da Fakistan.

Domin mai karatu ya gane nauyin abin ga masu dashen hanta, ga abin da wani bincike na asibitin Mount Sinai da ke Niyok ya nuna, wanda aka buga a 2012. Cikin mutum 175 da aka yi wa dashe, 14 sun kamu da kilebsiyelar da ba ta jin kabafenem, kuma 10 daga cikin 14 ɗin sun rasu. A wajen waɗanda ba su kamu da ita ba kuwa, kashi 86 cikin ɗari ne suka rayu. 

GABA KURA BAYA SAYAKI

In irin wannan ta kama mai dashe, likita yakan shiga tsaka mai wuya. Ya rage maganin kwantar da garkuwa domin jiki ya yi yaƙi, hanta na iya lalacewa. Ya bar shi yadda yake, cutar ta ci gaba da cin jiki. Kafin ɗakin gwaji ya shuka jinin ya faɗi maganin da zai yi aiki, akan yi kwana 2 zuwa 3, alhali wanda cuta ta shiga jininsa kowace sa'a tana da tsada.

Shekaru da dama abin da ya rage a hannu shi ne wani tsohon magani mai suna kolistin, wanda aka yi watsi da shi a da saboda yana lalata ƙoda. Takrolimus ma yana taɓa ƙoda, to in an haɗa su biyu sai ka ga wanda aka yi wa dashen hanta ya koma kan injin wankin ƙoda. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton baktiriyar da ta daina jin kolistin ɗin ma, a jikin aladu da nama da mutane, domin an daɗe ana zuba shi cikin abincin dabbobi. A 2016 wata dattijuwa ta rasu a jihar Nebada ta Amurka bayan ta yi jinyar karaya a Indiya, kuma kilebsiyelar da ta kashe ta ba ta ji ko ɗaya cikin magunguna 26 da aka gwada ba.

Ba a zauna haka ba. Daga 2015 zuwa yau an fito da wasu sababbin allurai da ke cin wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi ba tare da illar kolistin ba, sun kuma ceci rayuka. Sai dai suna da tsada, ba kowane asibiti ke da su ba, ba kowace ƙwaya suke ci ba, kuma tuni aka soma ganin masu jure su. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin baktiriya mafi haɗari a 2017, ta sabunta shi a 2024, kuma dangin kilebsiyela da wata mai suna asinetobakta waɗanda ba su jin kabafenem suna sahun farko.

Shi ya sa asibitocin kirki suka fi dogara ga rigakafi. Kafin dashe sukan ɗauki samfur daga dubura domin su san irin ƙwayar da mutum ke ɗauke da ita, su zaɓi allurar da ta dace da ita. Sukan keɓe mai ɗauke da ita a ɗakinsa, su cire robobi da zarar an gama da su, in ruwa ko mugunya ta taru a ciki su zuƙe ta, domin babu allurar da za ta warkar da mugunyar da ba a fitar ba. Uwa uba kuma wanke hannu kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa shi. Ko babban asibitin binciken lafiya na gwamnatin Amurka bai tsira ba: a 2011 kilebsiyela ta bazu daga majinyaciya ɗaya ta kama mutum 18 har da ita, har aka same ta a magudanar wurin wanke hannu.

INA RUWANMU?

Da ruwanmu ƙwarai. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Wannan ciwo, tare da nau'in C, da yawan shan giya, da dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, su ne ke kai mutanenmu ga ƙanƙancewar hanta da sankara. An fara dashen ƙoda a Legas a 2000, a Kano kuma a 2002, amma masu neman dashen hanta sukan nufi ƙasashen waje, wasunsu kuwa wuraren da waɗannan ƙwayoyi suka yi katutu.

Kada mu ɗauka cewa daga waje kaɗai matsalar take. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 ne baktiriyar da ba ta jin magani ta kashe kai tsaye a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa asara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya yi mura, sai a aika kemis a sayo kafso biyu, alhali mura ba baktiriya ke kawo ta ba. Mai talla yana yawo tasha da faranti a ka, rana na dukan magani, yana haɗa ja da baƙi da rawaya. Wani ya buɗe kafso ya barbaɗa a gyambo. Wata ta sha na kwana biyu, da ta ji sauƙi sai ta ajiye saura domin gaba. Masu kiwon kaji na zuba magani a ruwan sha kullum, ko kajin lafiya lau suke. Duk wannan horo ne muke ba ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjinmu, kuma ranar da muka bukaci tiyata, ko haihuwa ta zo da gardama, ko jariri ya kamu da ciwo, a ranar za mu ga sakamakon.

Nijeriya ta fitar da shirin yaƙi da wannan matsala a 2017, ta fitar da na biyu a 2024. A watan Satumba na 2024 kuma ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage mace-macen da ke da alaƙa da ita da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Alkawari dai kaya ne, amma ba gwamnati ce ke aika yaro kemis ba.

SHAWARA GA IYALIN MAI DASHE

Wanda zai tafi da majinyaci, ya riƙe takardun duk asibitocin da aka kwanta da sunayen alluran da aka yi, ya nuna wa likitocin can. Kafin a dawo, ya roƙi a rubuta masa ko an sami wata ƙwayar cuta a jikin majinyacin, da sunanta, da maganin da ke cin ta. A kuma san likitan da zai ci gaba da duba shi a gida tun kafin a hau jirgi. Duk asibitin da aka je daga baya, a faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa an yi dashe kuma an kwanta a ƙasar waje.

In zafin jiki ya kai digiri 38, ko ido ya yi rawaya, ko ciki ya yi ciwo, ko wurin ɗinki ya soma ruwa, a tafi asibiti a ranar, kada a ce zazzaɓin sauro ne a tsaya a kemis. Kada a sha wani magani, na Bature ko na gargajiya, ba da sanin likita ba. Alal misali rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin fuka, yana rage ƙarfin takrolimus har jiki ya ƙi hantar, wasu magungunan kuma suna ƙara masa ƙarfi har ya zama dafi. A tafasa ruwan sha, a dafa nama ya nuna sosai, a guji nonon da ba a tafasa ba da ganyen da ba a dafa ba.

Sai kuma batun dubiya. Al'adarmu ce mai kyau, kuma mun sha zuwa gaida marasa lafiya mu tarar ɗaki ya cika maƙil, kowa ya miƙa hannu, wani na tari, a kawo ruwa a kwano ɗaya kowa ya tsoma hannu. Ga mai sabon dashe wannan ƙauna ce mai cutarwa. A watannin farko a shiga ɗaya-ɗaya, a wanke hannu da sabulu a ruwa mai zuba, mai mura ko gudawa ya aiko da gaisuwa daga gida. Kada wanda aka dakatar a ƙofa ya ji haushi, ran ɗan'uwansa ake karewa.

Ga sauranmu kuwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu je a gwada jininmu domin ciwon hanta, tun da akwai maganin da ke danne nau'in B, akwai kuma ƙwayoyin da ke warkar da nau'in C cikin kimanin mako 12. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin jerin alluran yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko ta fi amfani in an yi wa jariri cikin sa'a 24 da haihuwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma, kada mu sha sai likita ya rubuta, mu sha shi yadda ya rubuta, kada mu raba da kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri, Ya kuma saka wa waɗanda suka ba da wani yanki na jikinsu domin wani ya rayu. Amin.